Laifin Soro Ne, Ko Na Mai Soro?

Kowace shekara, da zarar marka ta kankama cikin watan Agusta, labari ɗaya mu ke ji daga birni da ƙauye: ruwa ya rushe gidaje kaza a unguwa kaza, soro ya rufta wa mace da 'ya'yanta cikin dare, an kwana ana tono. A yi salati, a yi jana'iza, a yi ta'aziyya. Kafin a tashi daga zaman makoki sai ka ji masu hikimar bakin titi sun yanke hukunci, wai zamanin ƙasa ya wuce, duk mai hankali ya yaye soronsa ya buga kwano ya huta. Sun ɗora wa ruwa rabin laifi, sun ɗora wa ƙasa rabi, sa'an nan kowa ya kaɗe rigarsa ya nufi gida. Ruwa ba shi da baki, ƙasa ba ta da lauya, saboda haka shari'ar ba ta daɗewa.

To, mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, muna kuwa so mu ɗaukaka ƙara a gaban masu karatu. Akwai wani na uku wanda ba a taɓa kiransa gaban alƙali ba, alhali kuwa ya fi kowa sanin yadda aka yi, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Abin da mu ke cewa shi ne, rufin ɗaki ba kamar turmi ba ne, da za a saya sau ɗaya a jingine a manta. Abin kiwo ne, kamar doki. Wanda ya kasa kiwon soro, in ya koma kwano ma ba kiwonsa zai yi ba, iyaka dai ya sake irin asarar da za ta same shi.

Bari mu fara da tuna wa jama'a yadda a ke rufa soro, don da yawa cikin samarin yanzu sun kwana ƙarƙashinsa tun suna goye, amma ba su taɓa ɗaga kai sun dubi abin da ke bisansu ba. Ƙashin bayan soro azara ce, watau gangar giginya da aka tsattsaga. Magina sun fi son ta namijin giginya, don ta fi tauri, gara ba ta samunta da sauƙi, ruɓa kuma ba ta saurin kama ta. Amma azara tana da iyaka. In za ta ɗauki ƙasa, ba a barinta ta haye sararin da ya wuce kamar ƙafa 6 ba abin tokari. Wannan iyaka ita ta haifi dukan dabarun da mu ke gani a tsofaffin gidaje. Ita ta sa a ke gitta azara a kusurwoyi, a ke fito da tauyi daga kan bango don a rage sarari, ita kuma ta sa gwanaye suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, har aka sami zaure mai faɗi ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Bisa azara a shimfiɗa zana, bisa zana a zuba ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa aka bar ta ta tsima, a daddaɓe, a karkata ta wajen indararo. Sa'an nan a zo ga riga ta ƙarshe, wadda ita ke karo da ruwa: ko makuba, da a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa laso ga mai hali, wanda a ke haɗawa da katsin marina, da gashin jima, da yauƙin dafara.

Mai karatu ya lura, cikin kayan nan duka babu abu ɗaya da jirgin ruwa ya kawo. Marini ya ba da abin da ya rage masa a karofi, majemi ya ba da abin da zai zubar, daji ya ba da sauran. Amma ya lura da wani abu kuma, wanda shi ne ginshiƙin maganarmu: rigar nan ta ƙarshe ba a yi ta don ta dawwama ba. An yi ta ne don ta ci duka ta ƙare, a sake mata wata, kamar yadda a ke sake wa takalmi ƙasa. Azara ta shekaru ce masu yawa, makuba ta ɗan lokaci ce. Wanda ya gane wannan ya gane soro.

Mu da alli da allo ne sana'armu, sai a yi mana haƙuri mu yi ɗan lissafi. A ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi. In hadari ɗaya ya zubar da ruwa mai zurfin milimita 50, watau inci 2, wanda ba baƙon abu ba ne cikin marka, to, lita 800 ke nan ta sauka a kan ɗakin nan kaɗai. Jarka 32 ke nan irin ta 'yan ga-ruwa. Duk wannan ruwa ta ƙofa ɗaya ko biyu zai fita, ta indararo. Ƙasar rufin kuwa, in kaurinta ya kai taƙi guda, nauyinta ya kusa tan 5, kamar a ce buhun siminti 100 ne ke rataye bisa kan mai barci. Yanzu a ce leda ta toshe indararon, ko tattabara ta yi sheƙa a ciki, ko ganyen darbejiya ya taru a bakinsa. Ruwan ba shi da inda za shi, sai ya kwanta bayan rawani ya zama tafki. Ya bi tsagar da zafin rani ya buɗe, ya jiƙa ƙasar har ƙasa, nauyi ya ƙaru, kan azarar da ke cikin bango ya sha damshi ya fara ruɓa. Bana ya jure, baɗi ya jure, shekara ta uku cikin dare ya ce ya gaji. Da safe a ce ruwa ya yi ɓarna.

Ina ɓarnar ruwa a nan? Ruwa ya zo a lokacin da ya saba zuwa tun zamanin kakanni, bai zo a ɓoye ba, sai da ya aiko da gajimare da iska da walƙiya. Soro kuma ba ya faɗuwa ba sallama. Ya kan yi wata da watanni yana magana: tabo ya fito a rufi, ƙasa ta riƙa zubowa kaɗan kaɗan bisa gado, azara ta yi ciki, ƙofa ta fara cijewa, ciyawa ta tsiro a kan ɗaki har akuya ta riƙa ɗaga kai tana kallo. Duk wannan kira ne. Mai gida ya ji, ya matsar da gadonsa, ya tara kwano wurin da ke ɗiga, ya ce sai bayan damina. Bayan damina kuwa ba ya yoyo, to, me za a gyara?

Dā ba haka a ke yi ba. Gyaran rufi yana da lokacinsa cikin shekara kamar yadda sharar gona ke da nata. In bazara ta shigo, gari ya ɗau zafi, sai ka ga tsani jingine a kowane lungu. A hau, a share, a tumɓuke abin da ya tsiro, a zura sanda cikin indararo, a cike tsaga, a shafe da makuba. Masu ɗakunan jinka kuma tun da kaka sun yanko shuci sun yanta sun ajiye, sai a kira maƙwabta a yi baibaya, in tsaiko ne sabo a taru a ɗaga, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba wanda ya ke kiran wannan aiki gwaninta, kamar yadda ba a yabon mutum don ya wanke fuskarsa. Wanda hadarin fari ya tarar bai hau ɗakinsa ba, shi a ke yi wa dariya a dandali.

Muna zaton shekarun fari sun taimaka wajen kashe wannan ɗabi'a. Daga farin 1973 zuwa na 1984 ƙasashenmu sun ga damina mai rowa, mutum ya kan tsallake gyara shekara biyu ko uku bai ga komai ba, har sakaci ya zama al'ada, 'ya'ya suka tashi ba su ga ubanninsu a kan tsani ba. Ga shi kuwa masana yanayi sun tabbatar manyan hadura masu zubar da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci sun ƙaru a yankin Sahel tun daga shekarun 1980. Watau dai duka ya ƙaru a daidai lokacin da aka ajiye garkuwa.

Kada a ce mun toshe kunne ga hujjar masu kwano. Suna da hujja, za mu kuwa faɗe ta da kyau fiye da yadda su ke faɗinta. Kwano ba shi da nauyi, in ya faɗo ba ya binne mutum. Kafinta biyu sun rufe ɗaki cikin yini guda. Yana haye ɗaki mai faɗi ba bakan gizo ba ginshiƙi. Azara kuwa ta yi tsada ta yi wuya, gama an sare giginya ba a shuka wata ba, ita kuwa giginya sai ta shekara da yawa, har wanda ya shuka ta ya tsufa, kafin gangarta ta isa tsagawa. Katsi ya yi ƙaranci tun da karofi suka mutu a garuruwa da yawa. Gayya ta ja baya, samarin da za su hau tsani suna Legas ko Abuja wajen neman kuɗi. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ba ɗa ba jika kusa, wa zai ce mata kada ta buga kwano? Ba mu ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba mu zo don mu ce a tsige kwano daga kan gidajen mutane ba.

Inda mu ke ja da su shi ne wurin kalmar nan ta "ya huta". Ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsada. Kwano ƙarfe ne, an fara lanƙwasa shi haka a London a 1829, daga baya aka koyi shafe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa da wuri. Bai yawaita a ƙasar Hausa ba sai bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ya fara hawa kan tasha da kantuna da gidajen ma'aikata, daga nan ya zama alamar wanda ya samu. Har yanzu in an ce wane ya yi rufin kwano a ƙauye, ai ba maganar ruwa a ke yi ba, maganar arziki a ke yi. To, abin da aka saya don a gani, wa zai tsaya ya tambayi yadda a ke kiwonsa?

Ga yadda shi kuma ya ke mutuwa. Tutiyar nan da ke kansa ita ce makubarsa, siririya ce ƙwarai, in ta goge ƙarfe ya fito fili sai tsatsa. Ƙurar hunturu da ganye su kan kwanta cikin kwarin kwanon su riƙe damshi, daga nan cin ya ke farawa, musamman wurin da falle ya hau kan falle. Rana ta buɗa shi, dare ya tsuke shi, yau da gobe ramin ƙusa ya yi faɗi, ƙusa ta ɗago kai. Kafintan da ke sauri ya buga ƙusa cikin kwari inda ruwa ke bi, maimakon bisa tudu. Katakon da aka ɗora ɗanye, ba a shafa masa baƙin mai ko maganin gara ba, gara ta shige shi ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Mafi muni kuma, ba a ɗaure katakon da bango ba da langalanga ko waya mai kauri, an dai aza shi an danne da bulo biyu uku. Ran da iskar farkon damina ta taso daga gabas ta sami ƙofa ko taga a buɗe, sai ta shiga ta ɗaga rufin ɗungum kamar an cire wa mutum hula, ta kai shi gidan maƙwabci. Kwanon da ke tafiya cikin iska kuwa wuƙa ne. Wanda ya ke shakka ya zaga makarantun ƙauye bayan hadarin fari ya ƙirga azuzuwan da ke kallon sama. Waɗannan ba ginin ƙasa ba ne, bulo ne da siminti da kwano, ga su nan a yashe, yara suna karatu gindin itace.

Ga kuma wata cuta da ta shigo kasuwa. Mai saye ya kan tambayi kuɗin bandir, ya ƙirga ya ga falle 20 sun cika, ba ya tambayar kauri. 'Yan kasuwa sun gane haka, sai aka cika rumfuna da kwanon da in ka ɗaga shi da hannu ɗaya ya kan lanƙwashe kamar takarda. Tsohon kwanon da ke kan waɗansu gine-ginen tashoshin jirgi ya ga jikokin waɗanda suka buga shi, na yanzu kuwa wani ba ya kai yaron da aka haifa ran da aka buga shi shiga makaranta. Araha ba ta ado, balle ta yi rufin asiri.

Zafi kuwa ba sai mun faɗa ba. Cikin watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Sakkwato da Kano da Maraɗi, ƙasar soro mai kauri ta kan sha zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida. Kwano kuwa nan take ya ke miƙo shi. Ɗakin kwano marar silin da azahar tanda ne, a ciki kuwa a ke ajiye mai jego da jariri da tsoho marar lafiya. Don a gyara wannan sai a sayi silin, don a gyara abin da silin ya bari sai a sayi fanka, fanka kuma ta jira wuta. Duk wannan ba ya shiga lissafin mai cewa kwano ya fi sauƙi. Mu malamai kuma muna da namu ƙorafi: in ruwa ya sauko bisa aji mai kwano, darasi ya ƙare, ko kana da muryar sanƙira ba mai jinka.

Amma abin da ya fi kashe gidaje a zamanin nan, a ganinmu, ba soro tsantsa ba ne, ba kwano tsantsa ba ne, gamin gambiza ne. Mutum ya yaye soro daga kan bangon ƙasa ya aza kwano, amma don rowa ko don ado bai bar masa baki ya fito ya rufe bangon ba, ko kuwa ya ɓoye shi bayan rawani. Ruwan da dā indararo ke harbawa nesa, yanzu yana tsiyaya a jikin bango yana taruwa a gindinsa. Bango kuwa daga ƙafa ya ke mutuwa. Wani ya shafe bangon ƙasa da siminti, ya ce ya gama da yaɓe har abada. Siminti da ƙasa ba sa auren kirki. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga bayansa, ba shi da hanyar fita don rana ba ta isa gare shi, bangon ya riƙa narkewa a ɓoye yana sanye da farar riga, har ran da zai zube gaba ɗaya.

Masu soro ma ba mu ƙyale su ba. Akwai mai ganin gyara shi ne ƙara ƙasa. Kowace shekara ya sa a labta sabuwa bisa tsohuwa ba a kankare ba, har rufin taƙi ɗaya ya zama taƙi biyu, azarar da aka auna don buhu 100 ta koma ɗaukar 200. Wannan ba gyara ba ne, lodi ne. Akwai kuma mai shimfiɗa leda ya rufe ta da ƙasa. Dabara ce mai amfani in an yi ta da kyau, amma in ledar ta huje, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta ba ya bushewa. Sa'an nan muna gargaɗin masu sake rufin tsofaffin gidajen ma'aikata: da yawa cikinsu rufinsu ko silin ɗinsu na asbestos ne, ƙurarsa in an shaƙa tana kawo ciwon huhu da daji bayan shekaru. Ingila ta hana shi ɗungum a 1999. Nan kuwa sai ka ga an ba yara guduma suna farfasa shi, ana zubar da ɓaraguzan a lungu. In ya zama dole a cire shi, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle falle ba fasawa, a rufe hanci da baki.

Masu ja da mu za su kawo misalai biyu manya, gara mu riga su. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah ya ji ƙansu. A watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tsakiyar ƙarni na 19, ya zube cikin damina mai ruwa ƙwarai. Za su ce, ga ƙarshen ƙasa. Mu kuwa mu ce a duba shekarun. Masallacin Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Ƙasa da azara sun tsaya a nan damina fiye da 170. A nuna mana kwanon da ya yi rabin haka. Ginin da ya kai wannan shekaru ba shaida ba ne a kan raunin ƙasa, shaida ne a kan abin da ƙasa ke iyawa in tana da masu dubanta, kuma tuni ne cewa tsoho ya fi yaro bukatar a riƙa leƙa shi. Sana'ar kuma ba ta mutu ba. A ƙauyen Yama cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, mutanen gari suka riƙa gyara shi suna ƙara masa, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Nijar ɗin dai, tun 1980 aka fara koya wa magina rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a yi shi kamar tulluwa, ba azara ba katako. Wanda ya ce tsadar azara ce ta kore shi daga ƙasa, ga amsa an riga an ba shi.

To, in ba ƙasa ba ce, ba ruwa ba ne, su wane ne? Na farko gidan gado. A shiga kowace tsohuwar unguwa a tambayi gidajen da suka zube, za a tarar da yawansu gidaje ne da mai su ya rasu ba a raba ba. Magada goma sha, kowa yana da haƙƙi, ba mai nauyi. Wanda ke ciki ya ce don me zan kashe kuɗina a kan abin da za a raba da ni? Wanda ke waje ya ce ai ba ni ke kwana ciki ba. Mai kuɗin cikinsu yana jiran gidan ya faɗi ya sayi filin da araha. Waɗanda ke kwana ƙarƙashin azarar kuwa su ne marasa murya a gidan, gwauruwa, da marayu, da tsohuwar da ba ta da inda za ta. Ran da abin ya auku sai ka ga magadan nan duka sun hallara da manyan riguna, abincin sadakar uku kaɗai ya isa ya sayi azarar da aka hana. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce da za a shafa fatiha a tashi. An ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Na biyu mai gidan haya, wanda ya san hanyar gidan ran karɓar kuɗi, ya manta ta ran da aka aiko masa ɗaki na yoyo. Ɗan haya kuma ba zai gyara abin wani ba, sai ya jera bokitai. Na uku mai son a gani, wanda zai kashe dukiya a kan ƙyauren ƙarfe mai zane da fentin gaban gida, ɗakin uwar 'ya'yansa kuwa a can ciki ana kwana zaune in hadari ya taso. Na huɗu kuwa, kada a ce mun ji tsoro, masu ilmin zamani ne da ke ganin duk abin da aka yi da ƙasa ƙauyanci ne. Yaro ya gama makaranta ya san sunan kogunan Turai, bai san mene ne laso ba. Ɗan magini yana jin kunyar sana'ar ubansa, ya gwammace ya yi acaba. Makarantun koyon sana'a suna koyar da bulo da kankare, da wuya ka ga an gayyato Sarkin Magina ya tsaya gaban aji ko da yini ɗaya, alhali abin da ke kansa ba ya cikin littafi, in ya tafi ya tafi da shi.

Yaushe ne sake rufi ya wajaba? Ba ran da maƙwabci ya sake nasa ba. In an soka wuƙa a kan azara wurin da ta shiga bango ta nutse, ko azara ta yi ciki har ido na gani, ko bangon da ke ɗauke da ita ya tsage daga sama har ƙasa, to, ba sauran yaɓe, a fitar da mutane daren nan, kada a jira Juma'a. In an sauke, azarar da ke da lafiya a mai da ita, ba a zubar da ita. In kwano ne, falle ɗaya ko biyu da suka huje ba su isa a yaye ɗaki ba, amma in katako ya zama gari, ko tsatsa ta bi layin ƙusoshi duka, sabon kwano bisa wannan katako zubar da kuɗi ne. Kuma duk wanda zai sake, ya sake da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun sha ganin an yaye ɗaki cikin Yuni, kuɗi ya yanke, bango ya sha damina tsirara, aka yi asarar rufi da ɗakin gaba ɗaya.

Abin da mu ke roƙo ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Masu unguwanni da dagatai su sa a yi shela cikin watan Afrilu, kowa ya hau ɗakinsa, su kuma zaga su ga an hau. Limamai su tuna wa magada cewa ran da ke cikin gidan gado amana ce a wuyansu tun kafin a raba. Alƙalai, in aka kawo musu rabon gida, su tambayi halin rufinsa da wanda ke kwana ciki. Mai sayar da kwano ya rubuta kaurinsa a rasit. Samarin unguwa da ke da ƙungiyar ƙwallo su ba da Asabar ɗaya a shekara su share indararon tsofaffin da ba su da mai hawa musu. Kowace makaranta mai fili ta binne ƙwallon giginya a bakin shingenta.

Wanda kuwa ya ke ganin mun zalunci kwano ko mun yi wa ƙasa kara, fili ga shi, Edita ba ya hana kowa. Amma kada ya zo mana da labarin an ce. Ya kawo mana gida ɗaya wanda aka hau da bazara aka share, aka buɗe indararonsa, aka cike tsagarsa, aka duba azararsa aka same ta lafiya, ambaliya kuma ba ta ci gindin bangonsa ba, sa'an nan soron ya rufta cikin markar shekarar. Ya faɗi garin, ya faɗi shekarar, ya faɗi maginin da ya duba, mu kuwa za mu nemi hutu mu je mu gani da idonmu.